Shiru Iri Biyu a Sito Ɗaya

Ƙarfe biyu na rana a Bankok, ƙarfe takwas na safe ke nan a Maraɗi, Alhaji ya kira ni. Bai tsaya doguwar gaisuwar da ya saba ba, wadda sai ya tambayi ruwa da zafi da abincin ƙasar kafin ya zo kan magana. Cewa ya yi, "Ɗana, an buɗe kaya a Kwatano. Buhunan sama sun yi fumfuna, na ƙasa suna wari. Laifin me na yi maka?" Na buɗe baki ban sami abin faɗa ba.

Alhajin nan abokin mahaifina ne tun suna fataucin gyaɗa. Shi ya biya mini kuɗin jirgin da ya kai ni ƙasar Tailan, kuma saboda ni ya bar dillalin da ya daɗe yana hulɗa da shi ya koma sayen shinkafa a kamfanin da nake wa aiki. Kwantena huɗu ne, kowace buhu 500 masu kilo hamsin-hamsin. Ba duka suka lalace ba, amma abin da ya lalace ya isa a yi zancensa a kasuwa, kuma a Maraɗi in ana zancen kayanka, zancen gidanku ake yi.

Na sauka Bankok a 2008, shekarar da farashin shinkafa ya haukace har tan ɗaya ya haura dala dubu. Da farko ɗan aike nake wa 'yan kasuwarmu masu sarin tufafi a Pratunam. Faransancin da na samu a lakkol da ɗan Turancin da na tsinta su suka sa wani kamfanin fitar da shinkafa ya ɗauke ni, domin yawancin masu sayen shinkafarsu ta gumi a Kwatano da Lome suke. Mutanen Benin ba su cika cin irin wannan shinkafa ba, kowa kuwa ya san inda take ƙarewa, amma wannan wani zance ne. Farkon 2010 aka ɗora ni a kan sashen Afirka, mutum goma sha biyu a ƙarƙashina, har da na sito. Shekaruna talatin da ɗaya lokacin.

Kamfanin na gida ɗaya ne, kamar yawancin kasuwancin ƙasar. Mai shi tsoho ne da ya haura tamanin, kowa na kiransa Agong, wato kaka a harshen Sinawan Tiyociu, waɗanda su ne tushen yawancin attajiran Bankok. Ubansa ɗan dako ne a titin Song Wat, bakin kogin Chao Phraya, inda cinikin shinkafa da iri ya yi ƙarfi a da. A wannan unguwa ce wasu 'yan'uwa biyu suka buɗe shagon sayar da irin shuka a 1921, shagon da ya zama kamfanin CP na gidan Chearavanont, mai kaji da alade da waya da dubban shagunan 7-Eleven. Gidan Chirathivat masu manyan kantunan Central su ma haka suka faro, daga ƙaramin shago. Namu kamfanin ko kusa bai kai su ba, amma gininsa irin nasu ne. A takarda babban ɗan Agong, wanda ake ce wa Hiya, wato yaya, shi ne darakta. Littafin cak yana hannun 'yarsa mace, Je. Jikarsa kuma ta dawo daga Ingila da digiri na biyu a kan kasuwanci, an ba ta tebur da kwamfuta ba a faɗa mata aikinta ba. Shi kuwa tsohon ba shi da muƙami ko ɗaya. Kullum da safe direba zai kawo shi, ya zauna bayan wani tsohon teburin katako da butar shayinsa, kuma babu kwantena da za ta bar sito bai sani ba.

Suna da tsarin da suke kira kongsi: dukiya ta gida ce, ba ta mutum ɗaya ba, a tukunya ɗaya ake zubawa, daga ciki ake biyan kuɗin makarantar jikoki da asibiti da motoci. Na daɗe ban gane cewa taron da muke yi ranar Litinin a ɗakin taro wasa ne ba. Ana yanke shawara ne a hawa na uku, a teburin abincin rana, inda babu mai zama sai ɗan gida.

Mutanen da aka ba ni kuwa kamar an ɗebo su daga zamani uku. Akwai mai kula da sito, wanda kowa ke ce wa Lung, wato baffa. Ya shiga gidan yana ɗan shekara goma sha biyar yana ɗaukar buhu, ya haura sittin yana nan. In ya ɗebi shinkafa ya jefa ƙwaya biyu a baki ya ciza, zai faɗa maka ko ta bushe. Akwai mata biyu masu shirya takardun jirgi da na duwan, su da wani mai hulɗa da masu motoci, 'yan shekara arba'in zuwa hamsin. Waɗannan su ne suka ga 1997 da idonsu, lokacin da aka saki darajar bat ranar 2 ga Yuli, dala ta tashi daga bat 25 ta haura 50 cikin 'yan watanni, kamfanoni suka riƙa zubewa. Agong bai kori kowa ba a wannan shekarar, ya dai rage albashi, kuma ba su taɓa mantawa ba. Sai matasa huɗu da suka gama jami'a, cikinsu har da wata yarinya da ta karanci kimiyyar abinci, ita ke riƙe da na'urar auna laimar shinkafa. Sauran 'yan dako ne, daga yankin Isan na arewa maso gabas da kuma ƙasar Miyanma.

Ƙa'idar shinkafar da za a fitar waje ita ce laimarta kada ta wuce kashi 14 cikin ɗari. In ta wuce, aka rufe ta a kwantena ta yi sama da wata a teku, rana ta gasa ƙarfen dare ya huce, gumi zai taru a rufin ya riƙa ɗiga kan buhunan sama. Da na ajiye wayar Alhaji sai na nufi teburin yarinyar na ce ta buɗe mini lissafin watan Satumba. Ga shi nan ɓaro-ɓaro: motoci uku daga wani injin casa na lardin Suphan Buri, duk sun haura 15. Da jan launi ma ta rubuta lambobin. Na je sito na buɗe littafin Lung, na ga ya sa hannu ya karɓi kayan.

Abin da na yi bayan nan shi ne abin da nake jin duk wani ɗan Maraɗi mai jini a jika zai yi. Na tara su duka a ɗakin taro, manya da yara, na haska lambobin a bango, na juya na tambayi Lung da ɗan guntun yarensu da na iya, me ya sa ya karɓi jiƙaƙƙen kaya. Muryata ta ɗaga, ban musa ba. Tsohon ya dube ni ya yi murmushi. Na sake tambaya, ya ƙara faɗaɗa murmushin ya ce "khrap", kalmar ladabi da maza ke rufe magana da ita. Na juya kan yarinyar na ce ita da ta ga jan lamba me ya hana ta zuwa wurina. Ta sunkuyar da kai, hawaye na zuba, ita ma bakinta da ɗan murmushi. Raina ya ƙara ɓaci, don a ganina dariya suke mini. Na rufe taro ina ganin na nuna musu cewa akwai shugaba a wurin.

Washegari Lung ya aiko cewa bayansa na ciwo. Kwana tara bai zo ba. Babu wanda ya yi mini musu a kan komai, kowa "khrap", kowa "kha", amma motar da ake lodawa cikin awa biyu ta koma cin wuni guda. Takardar da ke fita kafin azahar sai la'asar. Matan nan biyu da kullum sai sun ajiye mini mangwaro da ɗanƙon shinkafa a tebur suka daina. Matasan da na zaci za su ji daɗi an kare aikin na'urarsu, su ma suka riƙa kauce wa idona. Jikar Agong kaɗai ta ce mini na yi daidai, da Turanci, a cikin lifta, bayan ƙofa ta rufe.

Je ce ta cece ni. Wata ranar Juma'a da na dawo daga masallacin Haruna na unguwar Bang Rak, sai ta ce in raka ta cin abinci a shagon wani Musulmi, ta san ba na cin na ko'ina. Muka ci shinkafa da kaza, ta yi zancen 'ya'yanta da tsadar makaranta, sai da muka kusa tashi ta tambaye ni, kamar abin ya faɗo mata ne kawai, ko na tuna makon da za a loda kayan Alhaji, Lung ya ce mini mota ba ta samu ba. Na tuna sarai. Sau biyu ya faɗa mini haka, ni kuma jirgi na shirin rufe karɓar kaya a tashar Laem Chabang, sai na buga waya da kaina na samo motoci daga wani wuri, har ina yi wa kaina kirari cewa na nuna wa tsofaffi yadda ake aiki. Je ta ce, "Shekara arba'in da wani abu yana nan, mota ba ta taɓa gagarar sa ba." Ta biya kuɗin abinci muka fito.

A hanya na haɗa sauran da kaina, abin da ban haɗa ba matan takardu suka cika mini daga baya. Injin casar nan na aminin Agong ne, mutumin da ya ba shi shinkafa bashi a 1997 lokacin da bankuna suka rufe masa ƙofa. Akwai abin da suke kira bunkun, alherin da aka yi maka wanda ba ka gama biya har ka mutu. Lung ya ciji shinkafar ya san da laima. Mayar da motar aminin mai gida kuwa daidai yake da marin mai gida, ba zai iya ba. Sai ya sa aka baje buhunan a kan katako, aka kunna manyan fankoki, yana neman kwana huɗu ko biyar su sha iska. Hanyar da ya samu ta sayen kwanakin ita ce ya ce mini babu mota. Yarinyar ita ma ba ta yi shiru yadda na zata ba. Ta gaya wa ɗaya daga matan takardu, wadda take kira pi, wato yaya, ita kuma ta kai wa Lung a wurin cin abinci cikin raha. Ta sa jan launi ko Allah zai sa in duba. A lissafinta ta yi duk abin da yarinya 'yar shekara ashirin da uku za ta iya yi ba tare da ta tsallake kan mutumin da ya girmi ubanta ba. Saƙo ya zo mini ta hanya biyu, ni ne ban iya karatunsa ba, kuma ni na loda jiƙaƙƙen kayan da hannuna. Baƙo makahon gari, in ji mutanenmu.

Abin da ya fi ba ni haushi da kaina shi ne na shiga ƙasar ina ganin na riga na san wannan darasi. Suna da kalma, kirenjai, wato nauyin mutum da ke hana ka faɗin abin da zai dame shi ko ya sa shi jin kunya. Da aka fara yi mini bayaninta na ce ai wannan kara ce da kunya, da su aka raine mu. Mu ma ba ma kallon idon babba, ba ma kiran sunan ɗan fari, ba ma ce wa uba ya yi kuskure. Su ma tambayar farko da za su yi maka ita ce shekarunka, don su san ko pi ne kai ko nong, yaya ko ƙane, kafin su san da wace kalma za su kira ka. Yarinya in tana magana da babba takan kira kanta nu, wato ɓera, don ƙanƙan da kai. Duk wannan bai zame mini baƙo ba.

Inda muka rabu da su shi ne wajen faɗa. A gida babba zai iya zazzaga maka masifa a gaban jama'a, da magariba ya kira ka ku ci tuwo, magana ta wuce. Mai gida da yaransa a kasuwar Maraɗi kullum cikin hayaniya suke, kuma ba ta hana yaro ya shekara ashirin a gidan har a yi masa aure a ba shi jari. A can wanda ya ɗaga murya shi ya faɗi. Suna cewa zuciyarsa ta yi zafi, kuma mai zafin zuciya ba a ba shi amana. Murmushin da na ɗauka raini ne, tsohon yana ƙoƙarin rufa mana asiri ne mu biyu, yana ba ni ƙofar da zan fita kafin in ƙarasa zubar da mutuncina. Na ƙi fita. Sannan mu muna da mutanen da aka halatta wa faɗin gaskiya mai ɗaci, kaka da jika, abokin wasa, ɗan mace da ɗan namiji, kowa da wanda zai iya tsokana ya saka magana a ciki. Su ma suna da hanyoyinsu, ta bakin yaya, ta wurin cin abinci, ta motar da ba ta samu ba. Kamannin al'adun biyu shi ya rufe mini ido, da a ce Bature ne ni wataƙila da na tsaya na yi tambaya.

Ranar Lahadi na sayi kwandon lemo da tuffa na tafi gidan Lung, can bayan gari kusa da wata mashigar ruwa. Na haɗa tafin hannuwana a ƙirji na gaishe shi irin gaisuwarsu, yadda na ga Musulmin ƙasar na yi wa maƙwabtansu, kuma ni na fara, don ƙarami ke farawa ko da shi ne shugaba. Ban ce masa ya yafe mini ba, Je ta gargaɗe ni cewa ambaton abin zai sake tayar da shi. Na ce masa ni yaro ne a harkar shinkafa, ina so ya koya mini cizo. Ya yi dariya ta gaske, ba irin ta ɗakin taro ba, ya shiga ciki ya ɗebo shinkafa iri uku a faranti. Busasshiya tana fashewa da ƙara tsakanin haƙora, mai laima tana lotsawa kafin ta karye. Na ciji wajen ƙwaya talatin ban bambance komai ba. Ranar Talata ya dawo aiki, bayansa ya warke.

Saura matsalar kanta, domin damina za ta sake zuwa, aminin Agong kuma yana nan da injinsa. Na yi kwanaki ina tunani. In na ce daga yau na'ura ce ke yanke hukunci, na kashe Lung a tsaye. In na bar abin yadda yake, na gaya wa matasan cewa karatunsu ado ne. Abin da ya fitar da ni, kuma ba na alfahari da shi ƙwarai, ƙarya ce 'yar ƙarama. Na ce masu saye na Afirka sun kafa sharaɗi: kowace mota sai an haɗa mata takarda mai ɗauke da lambar na'ura da sa hannun babban mai sito, in babu ba za su biya ba. Aka buga takardar, a samanta aka rubuta cewa bisa buƙatar mai saye ne. Yarinyar za ta auna ta rubuta, ta kai wa Lung da hannu biyu, shi zai ciza ya sa hannu. In lamba ta haura 14, ba yarinya ce ta ƙi kaya ba, ba Lung ne ya ƙi ba, ba kuma Agong ba. Wani Alhaji ne mai tsanani a can wata ƙasa mai nisa da babu wanda zai haɗu da shi a wurin biki ko jana'iza. Lung ya karɓi tsarin hannu bibbiyu, har na fahimci ya daɗe yana neman wanda zai ɗora wa laifi. Mota ta farko da aka mayar, da kansa ya buga wa injin waya yana ba su haƙuri, yana kukan halin mutanen Afirka.

Asarar Alhaji kuwa Agong ya biya ta ba tare da an yi wata takarda ba. Ya sa aka rage masa kuɗi a kaya na gaba, bai cire ko bat ɗaya daga kuɗin amininsa ba, bai kuma taɓa yi mini zancen ba.

Bayan wannan na canza yadda nake tafiyar da su. Na daina tambayar ra'ayi a taro, don na gane in Lung na zaune babu matashin da zai yi magana, in kuma matasan na zaune Lung ba zai ce bai gane abu ba. Sai in bi su ɗaya-ɗaya, tsofaffi a sito da shayi, matasa a shagon kofi ko a rubuce. Da manhajar Line ta shigo ta mamaye ƙasar sai abin ya zo mini da sauƙi, yaron da ba zai iya haɗa ido da kai ba zai rubuto maka shafi guda da tsakar dare, ya rufe da hoton zomo mai kuka. Na koyi cewa "khrap" na nufin na ji, ba na yarda ba. Na koyi tambayar "yaushe za a gama" maimakon "za a iya", domin amsar ta biyu kullum e ce.

Gwaji na gaske ya zo a ƙarshen 2011. Ambaliya ta cinye tsakiyar ƙasar har ta shigo gefen Bankok, sannan gwamnatin Yingluck Shinawatra ta fara karɓar shanshera daga manoma a kan bat 15,000 kowane tan, sama da farashin duniya nesa ba kusa ba. A daidai lokacin Indiya ta ɗage haramcin fitar da shinkafarta. Tailan da ta shekara kusan talatin tana kan gaba a duniya wajen fitar da shinkafa ta koma ta uku a 2012, bayan Indiya da Biyetnam, abin da take fitarwa ya faɗo daga sama da tan miliyan 10 zuwa ƙasa da miliyan 7. Masu sayenmu na Kwatano suka riƙa zamewa ɗaya bayan ɗaya, ban kuma ga laifinsu ba.

Jikar Agong da matasana biyu suka zauna suka tsara mafita: a riƙa sayen shinkafar Indiya ana tura wa masu sayenmu kai tsaye, don kada su saba da wani. A wurin tsohon wannan kusan ridda ce, mutumin da ya yi rayuwarsa yana cewa babu shinkafa sai ta Tailan, ga kuma injinan casa da ke jiran odarsa. Jikar ba za ta iya faɗa masa ba. Hiya, mai shekara kusan sittin kuma darakta, shi ma ba zai iya ba, abin da ya daɗe yana ba ni mamaki har na tuna yadda yayana ke tsayawa a gaban mahaifinmu. Sai aka gayyace ni hawa na uku cin abinci, karo na farko kuma na ƙarshe, aka dafa mini kifi daban. Na san aikina. Baƙo ne kaɗai zai iya faɗin mummunan labari a teburin nan a yafe masa, don ana ɗauka bai san abin da yake yi ba. Na lissafa masu sayen da suka tafi da sunayensu, na faɗi farashin Indiya, na yi shiru. Agong yana ɓare lemo, bai ɗago ba. Bayan mako uku Hiya ya sanar a taron Litinin cewa Agong ya yi tunani mai zurfi ya ga ya kamata a gwada shinkafar Indiya. Kowa ya yaba da hangen nesan tsoho.

A nan ne ra'ayina ya rabu biyu, har yau kuma bai haɗu ba. Tsarin ya yi aiki, kamfani ya tsira, babu wanda ya ji kunya. Amma na ga fuskar yaran da suka kwana uku suna lissafin nan lokacin da ake tafa wa wani. Na kira su gefe na ce na san aikinsu ne, na kuma sa Je ta ƙara musu wani abu a jan ambulan ɗin da ake rabawa a sabuwar shekarar Sinawa. Suka yi godiya da ladabi. Kafin shekara ta zagayo ɗaya ya tafi. Yarinyar na'ura ta daɗe fiye da shi, har ta zama ita ke koya wa sababbi, sannan wata rana ta kawo mini takardar ajiye aiki, wani kamfanin Turawa mai binciken ingancin kaya ya ɗauke ta. Na ce mata me aka yi mata. Ta ce, "Pi, ba a yi mini komai ba. Na duba sama ne na ga duk kujerun sunan gida ɗaya ne a kansu." Lokacin ta daina kiran kanta ɓera.

Lung bai taɓa duba sama ba. A zamaninsa ka ba gida rayuwarka, gida ya biya asibitin matarka ya sa ɗanka a makaranta, ciniki ya faɗa. Yaran yanzu suna ganin iyayensu sun yi wannan ciniki, ba sa so. Kuma suna da inda za su, domin ƙasar tana tsufa, tun 2021 masu mutuwa sun fi jariran da ake haifa yawa. Mu a Nijar matasa ne ke bin aiki, can aiki ke bin matasa. Manyan gidaje irin su CP sun ɗauko ƙwararru daga waje sun ba su manyan kujeru, duk da haka da Dhanin Chearavanont ya sauka a 2017 'ya'yansa biyu ya miƙa wa shugabanci. Ƙananan gidaje irin namu ko wannan rabin ba su yi ba. Sinawa na da karin magana cewa dukiya ba ta wuce zuriya uku, kuma na lura jikokin sun fi kowa yawan ambatonta.

Duk da haka ba zan yi musu dariya ba, don na ga namu. Na dawo gida bayan shekara takwas, na tarar Alhaji ya tsufa, 'ya'yansa biyu masu digiri suna zaune a shago ba su da ikon sa hannu a kan buhu goma. Da Allah Ya yi masa rasuwa aka raba gado yadda shari'a ta ce, kowa ya ɗauki nasa, motocin suka watse, sito ɗaya aka mai da shi gareji. Yaransa na kasuwa da suka shekara ashirin-ashirin a gidan kowa ya kama gabansa. Kamfanin Bankok kuwa yana nan. Agong ya rasu, Hiya ya koma bayan teburin katakon da butar shayi, jikar ce darakta a takarda.

Bara wani yaro da na bari a sashen ya turo mini hoton takardar karɓar kaya ta Line, yana tambayata wani abu a kan lambar kwantena. An sake mata fasali, yanzu a waya ake cike ta, Lung ya daɗe da yin ritaya, wani ne ke sa hannu. Amma layin saman yana nan yadda na rubuta shi, bisa buƙatar mai saye na Afirka. Alhaji, Allah Ya jiƙansa, bai taɓa neman wannan takarda ba, ni kuma ban taɓa gaya masa cewa da sunansa ake mayar da motoci a bakin kogin Chao Phraya ba.